Taron Rana Da Taron Dare

Daga tsakiyar damina, watau wajen watan Agusta, har zuwa lokacin da hunturu zai kunno kai, akwai wata kaka da ake yi a ƙasar nan wadda ba ruwanta da gona. Kakar taro ce. Lauyoyi su buɗe fage a ƙarshen Agusta, ma'aikatan banki su biyo baya, akantoci su yi nasu, editocin jaridu da injiniyoyi su rufe shekara. A wannan tsakani, duk wanda ya je ofis neman a sa masa hannu a takardar fansho ko ta fili, amsar da zai samu daga bakin masinja ba ta wuce guda: "Ranka ya daɗe, maigida ya tafi taro, sai wani mako in Allah Ya kai mu." Masu otel a Abuja da Ikko da Fatakwal da Kalaba kuwa su ne manoman wannan kaka, don a cikinta suke girbe abin da za su ci har shekara ta zagayo.

Ba wanda zai ce taro ba shi da amfani. Tafiya mabuɗin ilimi ce, likitoci da akantoci kuma dokar sana'arsu ta wajabta musu su riƙa ƙaro sani in suna so a ci gaba da lissafa su cikin masu aikin. Amma abin da ba a cika gaya wa sabon shiga ba shi ne, kowane taro biyu ne a haɗe. Akwai na rana, wanda ake bugawa a takardar tsarin taro, a ɗauki hotonsa a nuna a talabijin. Akwai kuma na dare, wanda ba shi da shugaba ba shi da magatakarda, amma a cikinsa ake yanke galibin abin da za a zo da safe a ɗaga hannu a ce an amince.

Tun kafin a bar gida ake fara kokawar. Takardar gayyata ta iso ofis da gurbin mutum huɗu, masu so kuwa sun kai ashirin. Daga nan sai kamun ƙafa. Wannan ya bi ta wajen sakataren maigida, wancan ya tuna wa darakta cewa shekara uku ke nan rabonsa da fita ko nan da Zariya. Sau da yawa wanda aikin ya shafa kai tsaye, wanda shi ne zai gane abin da za a faɗa a zaure, shi ake bari ya yi gadin ofis, wai in ya tafi aiki zai tsaya. Dalilin wannan rububi ba ɓoyayye ba ne. Albashi ba ya kai wata, kuɗin tafiya kuwa ko yaya suke ƙari ne.

Sai dai ƙarin ba ɗaya ba ne ga kowa. Bisa ga tsarin da hukumar kula da albashi ta tarayya ta fitar a 2022, ma'aikaci mai mataki na 9 yana da N17,500 a kowane dare da ya kwana a wajen wurin aikinsa, darakta N37,500, babban sakatare N70,000, minista N80,000. Watau kwanan babban sakatare na dare ɗaya daidai yake da mafi ƙanƙancin albashin wata da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024. An kuma yi wannan tsari ne kafin a janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kafin darajar Naira ta zube, kafin kuɗin mota da na ɗaki da na abinci su ninka. To, a ɗauki mutumin Gusau mai mataki na 9, a aika shi taro Victoria Island da irin wannan kuɗi. Ko ƙofar otel ɗin da ake taron ba za su buɗe masa ba. Dole ya haɗa kai da abokan aiki uku su kama ɗaki ɗaya, biyu a gado biyu a ƙasa, ko kuwa ya sauka wajen wani ɗan'uwa a Agege ko Idi-Araba, ya riƙa sammako yana shan cunkoson motocin Ikko safe da yamma.

Daga nan ne wata dabara ta samo asali, wadda kowa ya san ta amma ba mai faɗa. A karɓi kuɗin kwana biyar, a halarci bikin buɗewa, a sa hannu a rajista, a karɓi jaka, a bar wa aboki saƙon ya karɓo takardar shaida, ran kwana na uku a kama hanyar gida. Ana iya gane mai wannan niyya tun a masallacin otel. A mazhabar Malikiyya, matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku sai ya cika sallarsa. Amma sai a ga mutum takardar ofis ta ce kwana biyar zai yi, shi kuwa raka'a biyu yake sallamewa a azahar, domin shi da Ubangijinsa sun san ranar da zai koma. Odita ne kawai ba a gaya wa ba, shi ma ba don bai sani ba, tunda rahoton Babban Odita na Tarayya bai gushe ba yana kuka da kuɗin da ma'aikata suka karɓa don wani aiki ba su kawo bayanin yadda suka kashe ba.

Ƙaramin ma'aikaci ba zai ji kunya sosai ba in ya ɗaga kai ya dubi na sama. A ƙarshen 2023, da aka yi taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi a Dubai, sunayen mutum 1,411 aka gani a ƙarƙashin Nijeriya, da surutu ya yi yawa gwamnati ta fito ta ce 422 kaɗai ta ɗauki nauyinsu, kamar wannan adadi ɗan kaɗan ne. A watan Maris na 2024 kuma ofishin Babban Akanta na Tarayya ya kwashi kwamishinonin kuɗi na jihohi ya kai su Landan don bita a kan yadda ake tattalin dukiyar jama'a, a daidai lokacin da Dala take neman gagarar kowa. Bayan haka ne fadar shugaban ƙasa ta dakatar da tafiye-tafiyen jami'ai zuwa waje da kuɗin gwamnati na tsawon wata uku, daga 1 ga Afrilu na shekarar.

Taron rana ba ya bukatar dogon bayani, don duk wanda ya ga ɗaya ya ga saura. An rubuta za a fara ƙarfe tara, babban baƙo ya iso sha biyu saura. A tashi a yi taken ƙasa, a yi addu'a ta Musulmi da ta Kirista, sa'an nan kowane mai jawabi ya cinye sulusin lokacinsa wajen jera sunayen manyan da ke kan dandamali da muƙamansu. Da gwamna ya ayyana buɗe taro ya miƙe, sai rabin zaure ya bi shi, har da 'yan jarida. Bayan abincin rana kuwa, farfesan da ya yi wata uku yana haɗa ƙasidarsa, kujeru zai karanta wa, da wasu 'yan tsiraru da sanyin na'ura ya riƙe suna gyangyaɗi. Abin takaici ne, domin sau da yawa wannan ƙasidar ta ƙarfe uku ita ce kaɗai abin da ya cancanci kuɗin motar da aka biya.

Sai jaka. Mai karatu kada ya raina jakar taro. A watan Agusta na 2022, a taron shekara na Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya da aka yi a Eko Atlantic a Ikko, an yi jinkirin raba jakunkuna, sai wasu daga cikin mahalarta suka fasa rumfar rajista da dare suka yi wa kayan wasoso, har shugaban ƙungiyar na lokacin, Olumide Akpata, ya yi alkawarin hukunta duk wanda aka gano. Masu kare doka ke nan. A wannan taro Chimamanda Adichie ta yi babban jawabi, Atiku Abubakar da Peter Obi sun yi magana a kan yadda za su mulki ƙasa, amma in aka tambayi mutumin titi abin da ya tuna, ba zai wuce wasoson jaka ba, da takalmin kambas da Kashim Shettima ya sa a ƙarƙashin kwat.

Da an yi sallar magariba sai otel ya canza kama. Waɗanda suka yini suna hamma duk sun wartsake, an yi wanka, an sake tufafi, an fesa turare. Daren farko akan yi liyafar maraba, irin wadda ake yi a tsaye, yaran otel suna zagayawa da faranti cike da tambulan, wani na lemo wani na barasa, wani lokaci launinsu ɗaya sai mutum ya tambaya. Wani daren na gwamnan jiha ne, ko na wani banki da ke neman ajiyar ƙungiya. Daren ƙarshe shi ne na dina, inda ake raba lambobin yabo ga waɗanda suka taimaka da kuɗi, makaɗa su saki kiɗa, manya su fito fili su taka. Da can liƙi ake yi har ƙasa ta rufe, amma tun da hukumar EFCC ta fara gurfanar da masu liƙi da Naira, manya suka koyi miƙa ambulan.

Duk waɗannan zaure ne kawai, cikin gidan yana gaba. Wajen ƙarfe goma sai jama'a su rarrabu ƙungiya ƙungiya. Wasu su hau bene zuwa ɗakin wani babba wanda ya kama mai falo, wasu su zauna bakin wurin ninƙaya, wasu su cika motoci su shiga gari. In Abuja ce, a nufi kasuwar barikin Mogadishu cin gasasshen kifi. In Ikko ce, a nufi wajen masu tsire na Glover Court a Ikoyi. A Kalaba a nufi Bogobiri, unguwar Hausawa, a Fatakwal a nemi gasasshiyar agade da kifi, a Inugu kuwa mai masauki ba zai yarda baƙonsa ya tafi bai ɗanɗana farfesun kan akuya ba. A irin waɗannan wurare, a kan benci ko kujerar roba, bayan an cire kwat an sassauta ɗamara, a nan ake maganar da ta tara mutane.

A nan ake shirya wanda zai tsaya takarar shugabancin ƙungiya da yankin da za a bar wa sakatare. A nan ake rubuta sunayen 'yan kwamiti a bayan takardar tsire. A nan darakta yake jin sunan wani yaro mai ƙwazo a reshen Damaturu wanda bai taɓa gani ba, har in maganar kwas ko ƙarin girma ta taso ya tuna da shi. A nan ne kuma mutum uku za su keɓe su rubuta sanarwar bayan taro, su cire sakin layin da zai ɓata wa gwamnan da ya ciyar da su rai. Ba duka ne sharri ba. Babban lauya a Ikko yana da shari'a a kotun tarayya da ke Kano ko Sakkwato, ba kuma zai hau jirgi don zaman minti goma da za a ɗage ba, yana bukatar wanda zai tsaya masa. Ba zai ba wanda bai sani ba. Ƙaramin lauyan da ya zauna kusa da shi a wajen cin kifi, suka yi gardama a kan wani hukunci har ya ga yaron ya san abin da yake yi, shi zai kira. Aikin shekara guda yana iya fitowa daga hirar sa'a guda, abin da takardar shaidar halarta ba ta taɓa kawo wa kowa ba.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan. Nijeriya ƙasa ce da mutanenta suka fi sanin juna ta bakin 'yan siyasa da ta wayar hannu, inda kowa yake zagin wanda bai taɓa gani ba. Likitan Nnewi da likitan Azare ba su da inda za su haɗu su gane cewa ciwonsu ɗaya ne, rashin wuta a ɗakin tiyata da gudun abokan aiki zuwa Ingila da Saudiyya, in ba a irin wannan dare ba. Da rana kowa yana zaune cikin mutanen jiharsa, yana tafa wa nasa. Da dare ne ake cuɗanya.

To, a nan ne mutumin arewa yakan shiga tsaka mai wuya, kuma ya kamata a faɗi gaskiya a kansa. Da yawa daga cikin wakilan da ke zuwa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno, da sun yi sallar lisha sai su ja ƙofa, su buga waya gida, su tambayi lafiyar yara, su kwanta. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Malamai sun yi hani ga zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma mutum yana da haƙƙin ya tambayi wanda ya yanka abin da aka sa masa a gaba. Amma da gari ya waye, aka karanto sunayen 'yan kwamiti babu nasa babu na maƙwabcinsa, sai ya miƙe ya karɓi lasifika yana cewa an mayar da arewa saniyar ware. Shugaba ya saurare shi da ladabi, ya ce masa, "Barista, an riga an tuntuɓi kowa a kan wannan." An kuwa tuntuɓa, sai dai lokacin yana barci. Zuwa da kai ya fi aike, shi kuwa bai je ba, bai aika ba.

Akwai kuma ɗan'uwansa wanda ya fi shi ban tausayi, watau wanda yake ganin ya zo garin da ba a san shi ba. A gida shi ne na sahun gaba, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Da ya ga ya haye Kwara sai ya ninke babbar riga ya sa a akwati, ya ɗora wata 'yar hula da ba a san shi da ita ba, ya ce yau sai inda mai ya ƙare. Kuɗin kwana biyar su tafi a dare biyu, har da na tsarabar yara. Abin da ya manta shi ne, babu ƙofar otel a kudancin ƙasar nan da ba Bahaushe a kusa da ita. Mai tsire, mai shayi, mai gadi, mai canjin kuɗi, mai gyaran takalmi, ɗan acaɓan da ya ɗauko shi ƙarfe uku na dare, duk mutanen gida ne. Yana cikin lalube aljihu zai ji an ce, "Sannu da hutawa, Alhaji. Ba kai ne ɗan gidan Liman na bayan kasuwa ba? Ai ni ƙanen mai ɗinkin nan ne na ƙofar gidanku." Kafin ya isa Lokoja a hanyar komawa, labari ya riga shi isa.

A zamanin da Hamdala da Durbar suke tashe a Kaduna, da Bagauda a hanyar Kano, da Hill Station a Jos, abin da aka yi a taro yakan tsaya a bakin waɗanda suka gani, in ya yi nisa ya zama raɗe-raɗi. Durbar ɗin ma, wanda aka gina don bikin FESTAC na 1977, an rushe shi a farkon 2020, ya tafi da asiran da ya riƙe. Yanzu kuwa kowane tebur akwai mai ɗaukar hoto goma, tunda kowa da wayarsa. Rawar minti ɗaya ta ishi a raba mutum da muƙaminsa, ko a raba shi da matarsa.

Dattawan da suka daɗe suna zuwa taro sun samo wa kansu mafita tun tuni, kuma ba ta bukatar fatawa. Su ne suke kafa tasu majalisar. A kama ɗaki mai falo ko a shimfiɗa darduma a wani gefe na farfajiya, a aika unguwar Hausawa a ɗauko mai shayi da kayansa, a buɗe ƙunshin kilishi da dambun nama da aka taho da su daga gida, sa'an nan a aika wa abokan aiki na kudu cewa ana gayyatarsu. Ba su ƙin zuwa. Mutumin Ijebu ko na Owerri zai bar kwalbarsa ya ratsa gari saboda kilishi, ya zauna har ƙarfe ɗaya ana shan shayi ana ciniki irin na siyasar ƙungiya. Lauyoyi sun fi kowa gane wannan, shi ya sa kowane yanki yake da dandalinsa a cikin ƙungiyarsu, na arewa da na Yarabawa da na gabas, kuma kowanne yakan yi nasa zaman a gefen babban taro. Wanda yake da tabarma shi ake zo wa, kuma shi yake faɗin abin da za a sha a kanta.

Mace fa? Nata ya fi na kowa wuya, kuma ba a cika maganarsa ba. Likita ce ko lauya ko akanta, ta yi karatun da namiji ya yi, ta biya kuɗin rajistar da ya biya. Kafin ta fito sai da ta nemi izinin maigida, ta nemo wadda za ta zauna da yara, wani lokaci ta taho da na goye da mai reno a kan kuɗinta. In ta koma ɗaki bayan lisha, an yi rabon kujeru ba ta nan. In ta zauna a majalisa har sha ɗaya, ko da lemo ne a hannunta kuma maganar aiki ake yi, gobe wani daga cikin waɗanda suka zauna tare da ita ne zai fara cewa, "Ai Hajiyar nan idonta a buɗe yake." Ga kuma maigidan ofis wanda bai taɓa neman shawararta a kan komai ba shekara guda, amma a daren taro sai ya bugo waya ƙarfe goma sha biyu ya ce ta kawo masa fayil ɗaki su duba jawabin gobe. In ta ƙi, ta san abin da zai biyo baya a lokacin cike takardar ƙarin girma. In ta kai ƙara, a ce ina shaida. Mata da yawa sun daina zuwa taro saboda wannan, sa'an nan a zo ana mamakin yadda shugabannin ƙungiyoyi duk maza ne. Ƙungiyar da take son matanta da gaske, abu mafi sauƙi da za ta yi shi ne ta dawo da zaɓen 'yan kwamiti da rubuta sanarwar bayan taro cikin zaure da rana tsaka, ta kuma sanya wasu dattijan mata da za a iya kai wa kuka a asirce tun ana wurin.

Saura tambayar da ba a so a yi a lokacin da ake cin kaza: wa ya biya? Kuɗin rajista ba su isa su ɗauki nauyin zaure da makaɗa da abincin dubban mutane, saboda haka shugabannin ƙungiya sukan kai gaisuwa gidan gwamnati tun da sauran watanni. Abin da ke cikin wannan gaisuwa ya fito fili a 2025. Ƙungiyar lauyoyi ta shirya yin taronta a Fatakwal, sai Shugaba Tinubu ya kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas a watan Maris, ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara, ya naɗa tsohon hafsan sojan ruwa Ibok-Ete Ibas ya riƙe jihar. Ƙungiyar ta ce ba za ta yi taro a inda aka ajiye zaɓaɓɓiyar gwamnati ba, ta mayar da shi Inugu. Nan take hukumomin Ribas suka ce to a dawo musu da Naira miliyan 300 da jihar ta bayar, ƙungiyar kuma ta ce ai kyauta ce, ba kuɗin sayen masauki ba. A ranar ne talakan Ribas ya san nawa aka cire daga asusunsa don liyafar da ba za a gayyace shi ba, kuma ba don an yi faɗa ba da har yau bai sani ba. A taron na Inugu, Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya gaya wa lauyoyin a gabansu cewa shari'a a ƙasar nan tana neman zama hajar da mai kuɗi yake saye. An tafa masa, aka tashi aka tafi cin abinci.

Ƙungiyar da ta ci tuwon gwamna da dare, da wuya ta iya ɗaga murya a kansa da safe. Shi ya sa sanarwar bayan taro takan fito da laushi kamar an jiƙa ta: an yaba wa gwamnati, an yi kira gare ta da ta ƙara himma, an gode wa mai masauki bisa karamcinsa. Ana karanta ta ne a ranar ƙarshe, lokacin da rabin wakilai suna filin jirgin sama ko tashar mota, sauran kuma suna wajen akawun otel suna roƙon ya rubuta musu rasit na kwana biyar.

Mutumin Gusau dai ya kamo hanya. Ya tsaya a Lokoja ya sayi burodi da ayaba da galan ɗin manja, don ba a shiga gida hannu rabbana. Jakar taro ta zama ta makarantar babban ɗansa, alƙalamin ya tafi wajen uwargida, takardar shaida ta shiga fayil. Ran Litinin aka ce ya rubuta rahoton abin da ya koyo, ya ɗauko na bara ya canza kwanan wata da sunan gari. Katunan suna guda goma sha da ya karɓa a daren dina, har da na daraktan da ya dafa kafaɗarsa ya ce ya neme shi in ya shigo Abuja, suna cikin aljihun babbar rigar da aka kai wa mai wanki ran Asabar.